Kebul ko dish? Yadda za ka zaɓi wanda ya dace da gidanka, mataki-mataki

Masu karatu sun yi ta aiko da wannan tambaya, musamman angwaye da waɗanda suka tare a sabon gida: kebul zan sa ko dish? Wasu ma sai sun riga sun sayi dikoda suke tambaya, bayan hoton ya fara tsattsagewa ko kuɗin wata ya fi ƙarfinsu. Abu biyu ne ke yanke wannan hukunci: siginar da ke isa rufin gidanka, da kuɗin da za ka iya biya wata goma sha biyu a jere ba tare da ka taɓa kuɗin cefane ba. Farashin dikoda a shago shi ne na ƙarshe da za ka duba. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

1. Tantance abin da ake sayar maka

Idan mai shago ya ce maka kebul, tambaye shi wanne yake nufi, domin a kasuwa abubuwa huɗu ne.

Akwai na eriya, wato GOtv da StarTimes na eriya. Dikodarsu tana kama sigina ne daga dogon ƙarfen kamfanin da ke cikin gari, ba daga sama ba. Yawancin mutanenmu wannan suke kira kebul.

Akwai dish na biyan wata: DStv, da StarTimes na dish, sai Canal+ ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi.

Akwai dish na kyauta, wanda za ka sayi risiba, wato dikodar tashoshin kyauta, irin su Strong, a saita maka tauraron ɗan'adam mai tashoshin da ba a kulle ba, shi ke nan babu kuɗin wata.

Sai kebul na waya, inda wani mutum a unguwa yake tara tashoshi a wurinsa ya ja waya gida-gida yana karɓar kuɗi duk wata. Wannan ya fi yawa a biranen Kamaru, kuma ana samunsa nan da can a wasu wurare.

Gargaɗi: idan kebul na waya za ka shiga, tambayi ko mai shi yana da lasisi. A Najeriya hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ce ke bayarwa. Wanda yake raba tashoshin wani kamfani ba da izini ba, ranar da aka rufe shi kuɗinka da wayarka sun tafi, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara.

2. Zauna da iyali a rubuta tashoshi

Ɗauki takarda, kowa ya faɗi abin da yake kallo da gaske. Uwargida ta faɗi nata, yara su faɗi nasu, kai ma ka faɗi naka. Da wuya jerin ya wuce tashoshi goma. Kamfani zai ce maka yana da tashoshi sama da ɗari, amma waɗannan goman ne za ka biya wa kuɗi, sauran rakiya suka yi.

Daga nan sai ka ga inda jerin ya karkata. Idan abin da gidan yake so shi ne Arewa24, da tashoshin wa'azi irin su Sunnah TV da Manara, da tashar da ke nuna Masallacin Harami kai tsaye da ta Madina, da labarai, to dish na kyauta zai ɗauke maka mafi yawan wannan nauyi. Ni a ganina gidaje da yawa da ke fama da kuɗin wata, wannan ne ya dace da su tun farko. Idan kuwa Africa Magic Hausa ake so, tana DStv da GOtv. Tashar Daɗin Kowa ta StarTimes ce, ba za ka same ta a wajen wani ba.

Ƙwallo ita ce ke tsadar da komai. Gasar Firimiya ta Ingila da gasar Zakarun Turai suna tashoshin SuperSport, kuma ƙananan tsare-tsaren biyan wata ba sa nuna dukkan wasanni. Idan kai kaɗai ne mai kallon ƙwallo a gidan, kuma wasa ɗaya ko biyu kake kallo a mako, yi lissafin abin da gidan kallo zai ci maka a wata ka kwatanta da bambancin kuɗin babban tsari da ƙarami.

Gargaɗi: kada ka yarda da "ai akwai ta a ciki" daga bakin mai shago. Ka ce ya nuna maka jerin tashoshin tsarin da za ka iya biya, a rubuce ko a kan allo. Tasha tana iya kasancewa a kamfanin amma a tsarin da ya fi naka tsada. Haƙƙin nuna gasanni kuma yana sauya hannu daga kaka zuwa kaka, don haka jerin bana za ka nema.

3. Gwada siginar unguwarku kafin ka fitar da ko sisi

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi jawo da-na-sani.

Na eriya yana aiki ne gwargwadon kusancinka da ƙarfen kamfani da kuma abin da ya shiga tsakaninku. A cikin birane irin su Kano da Kaduna da Jos da Abuja yawanci ba a samun matsala. Da ka fara nisa zuwa bayan gari, ko gidanka yana cikin kwari, ko akwai dutse ko dogon bene a gabanka, sai labari ya sauya. A unguwa ɗaya ma wani layin yana kamawa tas, na bayansa yana wahala.

Don haka gani ya kori ji. Shiga gidan maƙwabci biyu ko uku masu irin abin da kake son saya, waɗanda ke kusa da kai sosai. Ka roƙi a buɗe maka shafin sigina a dikoda. Za ka ga layi biyu: ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. Na ingancin shi ne abin dubawa. Ƙarfi yana iya cika taf amma inganci ya yi ƙasa, sai ka ga hoto yana daskarewa yana fashewa gida-gida, murya tana yankewa. Tambayi maƙwabcin tsawon ƙarfen da ya ɗora eriyarsa a kai, da yadda take yi da daddare da lokacin damina. Idan da hali, ari dikodar da eriyar na yini ɗaya ka gwada a naka rufin.

Idan ka ga sai an haɗa dogayen bututu biyu ko uku kafin eriya ta kama a layinku, ka haƙura da ita. Kuɗin ƙarfen da wayar ɗaure shi zai kusa kuɗin dish, ga shi iskar farkon damina ba ta barin irin wannan dogon ƙarfe lafiya.

Dish bai damu da nisanka da birni ba. Tauraron yana can sama, kimanin kilomita 36,000 a saitin tsakiyar duniya, don haka ƙauye da birni duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da yake buƙata kawai sarari ne tsakaninsa da tauraron. A arewacin Najeriya dish ɗin DStv gabas yake fuskanta ya ɗan karkata kudu, saboda tauraronsa yana digiri 36 gabas. Nilesat kuwa, wani tauraro mai tashoshin kyauta, yana digiri 7 yamma, sai a juya dish ɗin kudu maso yamma. Tsaya a inda kake son kafawa ka dubi wannan ɓangaren: akwai darbejiya ko mangwaro? Akwai benen maƙwabci, ko filin da ake shirin ɗora bene? Bishiyar da ba ta tare komai da rani tana iya tare sigina idan ta yi ganye.

Gargaɗi: raunin dish ruwan sama ne. Idan hadari ya haɗu sosai ko ana ruwa mai ƙarfi, hoton dish yana ɗaukewa har sai an tsagaita. Wannan ba lalacewa ba ce, kada ka hau rufi ka taɓa komai. Na eriya ya fi jure ruwa, in dai iska ba ta juya eriyar ba.

4. Yi lissafin shekara, ba na ranar saye ba

Kamfanoni sukan karya farashin dikoda, har su haɗa maka da wata ɗaya a ciki, saboda sun san ribarsu tana cikin kuɗin wata. Kai kuma sai ka yi lissafinka a inda suke yin nasu.

Ga misali da farashin da MultiChoice, kamfanin DStv da GOtv, ya sanya a watan Maris na 2025. A DStv, Padi naira 4,400 ne a wata, Yanga 6,000, Confam 11,000, Compact 19,000, Compact Plus 30,000, Premium 44,500. A GOtv, Smallie 1,900, Jinja 3,900, Jolli 5,800, Max 8,500, Supa 11,400, Supa Plus 16,800. Yanzu ninka da goma sha biyu. Jolli ya zama 69,600 a shekara. Compact ya zama 228,000. Compact Plus ya kai 360,000. Wannan adadin za ka kalla ka tambayi kanka ko albashi ko cinikin shago zai ɗauka, har a watan azumi da na Sallah da lokacin biyan kuɗin makaranta. Farashin yana sauyawa, kuma sama ya fi yi, don haka ka nemi na ranar da za ka saya, ka kuma bar wa kanka ɗan sarari.

StarTimes yana ba da damar biyan kwana ɗaya ko mako ɗaya. Ga wanda kuɗinsa ke shigowa kullum-kullum, ko wanda sai ƙarshen mako yake zama a gida, wannan sauƙi ne babba. Sai dai idan kullum za ka riƙa biya har wata ya cika, na wata ya fi araha.

Dish na kyauta kuɗinsa a farko yake: dish, risiba, waya, ladan mai haɗawa. Bayan nan sai ɗan abin da za ka ba shi idan tasha ta sauya mita ko iska ta gusar da saiti. Amma ka sani babu wanda ya yi maka alkawarin komai, tasha tana iya ɓacewa ko ta koma wani tauraron ba sanarwa. Gidaje da yawa suna haɗa biyu: na kyauta don kullum, da ƙaramar dikodar eriya da ake saka wa kuɗi idan an samu ko idan kakar ƙwallo ta yi zafi. Wannan dabara ce mai kyau, kuma ita nake ba mai matsakaicin ƙarfi shawara.

A lissafin ranar farko kada ka manta da ƙananan abubuwa: ƙarin waya, ƙarfen kafawa, siminti, kusoshin riƙe waya, da abin kare wuta.

5. Dubi wutar gidanka

Kuɗin wata kwanakinsa yake ƙirgawa, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Idan unguwarku tana kwana biyu ba wuta kuma ba ka da sola ko janareta, babban tsari asara ne. Nan ma biyan mako ko dish na kyauta ya fi.

Dikoda ba ta cin wuta sosai, ba ta fi ƙwan lantarki ɗaya ko biyu ba, kuma da yawa suna aiki da adafta mai bolt 12, don haka ƙaramar sola tana ɗaukarta tare da talabijin marar kauri.

Gargaɗi: abin da ya fi kashe dikoda shi ne dawowar wuta da ƙarfi. Sa mata sitabilaiza ko abin kare wuta tun ranar farko. Idan adafta ta ƙone, sayi mai bolt daidai da na ta asali, kada a liƙa mata ta wata na'ura don bakin ya shiga.

6. Nemi izini, ka zaɓi wurin kafawa

Idan gidan haya kake, yi magana da mai gida kafin a huda bango. Wanda yake yawan tashi daga gida zuwa gida, eriya ta fi masa sauƙi: ya kwance ta ya tafi da ita. Dish kuwa duk tashi sai an sake biyan mai saiti.

Bangon bulo mai ƙwari ya fi ko'ina. Kada a kafa a jikin kwanon rufi, yana rawa da iska, hudar kuma tana kawo yoyo. Idan ginin ƙasa ne, a haƙa rami a tsakar gida a dasa bututun ƙarfe da kankare, a bar shi ya bushe kafin a ɗora dish. A zaɓi inda hannun yara da ƙwallonsu ba sa kaiwa, inda kuma ba a ɗaure dabba, amma wanda tsani zai kai idan gyara ya taso.

Gargaɗi: a nisanci wayar wutar lantarki. Dogon ƙarfen eriya idan ya kuɓuce ya faɗa kan wayar wuta, rai ake magana. Mutum biyu su ɗaga shi, kuma ba a lokacin iska ko hadari ba.

7. Sayen kaya

Dikodar biyan wata, saye ta sabuwa a wurin dillalin kamfani, a yi rajista da sunanka da lambar wayarka, ka karɓi rasit. Ta hannu tana iya zuwa da sunan wani, ranar da matsala ta taso kamfani ba zai saurare ka ba.

Risibar kyauta kuwa, tabbatar an rubuta DVB-S2 a jikinta kuma tana nuna hoton HD. Tsofaffin risibobi ba sa buɗe tashoshi da yawa na yanzu, sai ka ji murya ba hoto, ko tashar ta ƙi fitowa sam. Duba bayan talabijin ɗinka ma, wasu sababbi suna da risiba a cikinsu, da bakin da ake ɗaura wayar dish kai tsaye.

Girman dish ya danganta da tauraron da garin da kake. Ƙarami mai santimita 60 yana kama wasu, amma mai santimita 90 ya fi riƙe sigina idan hadari ya taso. Wasu tashoshin ƙasashen Larabawa kuma sai babban dish. Faɗa wa mai haɗawa tashoshin da ke takardarka kafin ka saya, shi zai gaya maka girman da ake amfani da shi a garinku. Idan tashoshin suna kan taurari biyu, za a buƙaci LNB biyu, wato ɗan kan da ke gaban dish, da ƙaramin makunnin DiSEqC da ke haɗa su zuwa risiba ɗaya.

Waya ita ce inda ake cutar mutane. Nemi RG6 mai kauri. Ka ce a fere maka bakinta ka gani: ta kirki tana da cibiya mai kauri da saƙar ƙarfe mai yawa a kewaye, ta banza kuwa saƙar 'yan silalla ce da za ka iya ƙirgawa. Araha ba ta ado a nan, domin rana da ruwa suna cinye marar kyau cikin ɗan lokaci. Auna nisan daga dish zuwa talabijin ka ƙara mita biyu ko uku, a sayi guda ɗaya miƙaƙƙiya.

Gargaɗi: ka guji dikodar da ake cewa tana buɗe tashoshin kuɗi kyauta. Satar sigina ce, doka ta hana, kuma ranar da kamfani ya sauya makulli ta zama kwalin banza.

8. Ranar haɗawa

Ku gama ciniki kafin ya hau tsani: nawa ne ladan, me ya ƙunsa, kuma idan saiti ya goce cikin mako biyu zai dawo kyauta ko a'a. Ka kasance a gida, kada ka bar wa yara.

Tsarin aikin shi ne: a kafa ƙarfe a tabbatar ya miƙe sak, a ɗora dish ko eriya, a ja waya, sannan a yi saiti. Idan ƙarfen ya karkace tun farko, duk saitin da za a yi wahala ce.

Gargaɗi: a cire dikoda daga wuta kafin a ɗaura ko a kwance wayar dish. Dikoda tana tura wuta ta cikin wannan wayar zuwa LNB, bolt 13 zuwa 18. Idan silin saƙa ɗaya ya taɓa cibiyar wayar, tana iya ƙona ɓangaren sigina.

Lura da abu uku da masu gaggawa suke tsallakewa. Na farko, bakin wayar da ke waje a naɗe shi da tef mai hana ruwa. Na biyu, kafin waya ta shiga ɗaki a sake ta ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a waje maimakon ya bi ta cikin bango har bayan talabijin. Na uku, kada a yi mata haɗi a tsakiya da murɗawa da leda. Idan dole sai an haɗa biyu, akwai ɗan ƙarfen haɗi da aka yi don haka.

Wajen saiti, kada ka yarda da "ga hoto ya fito". Hoto yana fitowa ko da sigina tana bakin gaɓa, sai ɗan yayyafi ya ɗauke shi. Tsaya a gaban shafin sigina, shi yana sama yana motsawa a hankali, har layin inganci ya kai iyakar abin da zai iya. Ya murza LNB ɗin ma kaɗan-kaɗan, yana ƙara inganci. Bayan ya ɗaure kusoshi ka sake dubawa, domin ɗaurin kansa yana gusar da saiti. Eriya kuma a juya ta ta fuskanci ƙarfen kamfanin, a ɗaure bututun da waya ta ɓangare uku.

Haɗa dikoda da talabijin da wayar HDMI idan dukansu suna da bakin. Wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, tana rage kyan hoto.

9. Kafin ka sallami mai haɗawa

Ɗauko takardar nan ta mataki na biyu, ku bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya. Ɗauki hoton shafin sigina da wayarka, don ranar da abu ya lalace ka san inda aka faro. Sa alama da fenti ko ƙusa a jikin ƙarfen inda dish ya tsaya. Idan na kyauta ne, ya rubuta maka sunan tauraron, ya kuma nuna maka yadda ake binciken tashoshi da rimot. Rubuta lambar katin DStv ko lambar IUC ta GOtv a wuri mai aminci, da ita ake biya.

A nan ne kuma za a kulle tashoshin da ba su dace da yara ba. Wannan ya fi muhimmanci a dish na kyauta, domin binciken tauraro yana kwaso komai da komai. Zauna da kanka ka goge abin da ba ka so, ka sa lambar sirri, ka sauya wadda ta zo da na'urar domin yara sun fi ka saninta.

10. Talabijin biyu, biyan kuɗi da damina

Dikoda ɗaya tasha ɗaya take nunawa a lokaci guda. Idan ka raba wayarta zuwa ɗaki biyu, abu ɗaya za a kalla. A gidan da ke da mata biyu ko sassa da yawa, gara kowane ɗaki da risibarsa. Dish ɗaya ya isa, a sa masa LNB mai baki biyu ko huɗu, kowace risiba da wayarta. A na biyan wata kuwa ƙarin dikoda ƙarin kuɗi ne, ka tambaya tun kafin ka saya.

Idan za ka biya, bar dikoda a kunne, ka duba lambar sau biyu kafin ka tura. A DStv da GOtv, E16 a kan allo yana nufin kuɗi ya ƙare ko tashar ba ta cikin tsarinka, E48 kuma matsalar sigina ce, sai ka duba waya da saiti, kada ka sake tura kuɗi.

Kafin ruwan farko, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, a hau a ƙara ɗaure kusoshi, a sabunta tef ɗin bakin waya, a sare reshen da ya miƙo gaban dish. Idan ana tsawa, kashe dikoda ka zare fulogi, sannan ka kwance wayar da ta fito daga rufi, musamman idan eriyarka tana kan dogon ƙarfe.